Amanar Nono a Tsohuwar Waya

Shekarar da rana ta yi husufi da hantsi, har kaji suka kama hanyar akurki, mata suka saki taɓare suka shige ɗaki suna salati, a shekarar ce wayar nan ta shigo hannuna. Ƙanena ne ya kawo mini ita tsarabar Makka. 'Yar ƙarama ce, ba ta cika tafin hannu ba, kuma a kan kowane madanni nata akwai baƙaƙen Larabci. Abin da ya haɗa jinina da ita ke nan. Ni ban yi boko ba, allo na yi, da ajami nake rubuta duk abin da nake tsoron mantawa. A lokacin ba a ma samun magana a ƙauyenmu sai an hau tudun bayan makabarta, don haka ban ɗauke ta abin kiran mutane ba. Na ɗauke ta gafaka ce, jakar ajiye takardu, wadda gara ba ta ci. Da aka nuna mini inda ake ajiye rubutu a cikinta, sai na tare a zaure tun daga shuka har girbi, ina latsa baƙi bayan baƙi, har na kwashe amanar da ke wuyana na zuba mata.

Amanar kuwa sai na bayyana ta, don ba kowane ɗan zamani ya san da ita ba. A garinmu ni ke riƙe da sanin wanda ya sha nonon wa. Duk macen da ta shayar da ɗan wata kafin yaye, ko sau ɗaya ne, ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta a tsakaninsu har abada. Saboda haka kafin a sa ranar aure iyaye kan yi sallama a zaurena su ce, "Malam, a duba mana." In na duba na ce babu, sai a raba goro. In na ce akwai, sai kowa ya haɗiye ransa ya koma gida. Yanzu ga shi wayar ta tsufa. Wani baƙin tabo ya fito a kusurwar gilashinta, kamar tawada ta ɗiga a tsumma, kuma kullum na wayi gari sai na ga ya ƙara faɗi.

Da muna yara ba a san wata takarda ba, balle waya. Garin duka bai wuce ka ƙwala wa mutum kira daga wannan bakin ya amsa daga wancan ba. Gonaki sun haɗe da juna, iyakarsu gamba da lalle, ba a bar ko inda akuya za ta kwanta ba. Ƙarar guga a bakin rijiya ke tashe mu, sai luguden 'yan mata ya biyo baya, turmi uku ko huɗu suna amsa wa juna daga gida zuwa gida. Mu samari mu ɗora wa jakuna itace mu nufi birni, mu dawo da mangala cike da taki. Da kaka mata su fita roron gyaɗa, a shimfiɗa zannuwa a inuwar ɗorawa a jere jarirai. In ɗaya ya tsala kuka uwarsa tana can ƙarshen gona, wadda ta fi kusa ita za ta kakkaɓe hannu ta ɗauke shi ta ba shi nono, ba ta tambayi ɗan wane ne ba. In mai jego ta kwanta ciwo, ko Allah Ya yi mata cikawa, jaririn sai ya zaga gidaje har ya yi ƙwari. Kowa ya sha na kowa, amma ba a taɓa ruɗewa ba, saboda akwai Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ce ungozomar gari. Ba ta san alifi ba, amma abin duk yana kanta. Da yamma takan zauna a bakin ɗakinta tana kaɗi, ta shafa alli a yatsu, mazari yana ta gurnani a cikin taskira, ita kuma bakinta yana motsi. Mun daɗe muna zaton zikiri take yi. Ashe tilawar sunaye ce: wance ta ba ɗan wane a gonar rafi, kakar da fara ta zo, wance ta ba 'yar wance ranar da aka yi gobarar rumbu. Takan ce da mu, "Nono jini ne da ya yi fari. Na haihuwa kowa ya gan shi, wannan kuwa sha ake yi a goge baki. In ba a sami mai riƙewa ba, sai wa ya auri ƙanwarsa ana guɗa."

Da idonta ya fara dushewa ta aika aka kira ni. A lokacin na yi sauka, gashin baki ya fara fito mini, ina jin kaina. Ta ce, "Kai mai alƙalami, zo ka tara. Kaina ya fara yoyo." Wata guda cur ina zuwa bayan la'asar, tana faɗa ina rubutawa, in na yi gaggawa ta bugi gwiwata da mazari. Ranar da muka gama ta sa na karanta mata tun daga farko, sannan ta ce, "Ka sa su a tukunya ka rufe, ka ɗora tukunyar a kan duwatsu, ka barbaɗa toka a gindinta. Duk rani ka fitar ka shanya. Gara ba ta san malam ba." Na ce to. Ba ta ga daminar gaba ba.

Ban sa a tukunya ba. Na ga ai gafaka ta fi dacewa da takardun mai ilimi, na zuba su a ciki na jingine a bayan ƙofa, a ƙasa, hankalina kuma ya tafi dandali da gayyar noma. Sai da aka yi girbi na tuna. Har yau hannuna bai manta da rashin nauyin gafakar nan ba lokacin da na ɗaga ta. Jar ƙasa ta zubo mini a ƙafa. Gara ta shiga ta gindi ta cinye wajen kashi ɗaya cikin uku. Na rufe ƙofa, na zauna na kwafe abin da ya saura a sababbin takardu, ban gaya wa kowa ba.

Ina da aboki, Tanko, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Ya ga wata yarinya, Dije, ya ce in ba ita ba sai rijiya. Dije marainiya ce, uwarta ta rasu tana da kwana tara, tana cikin waɗanda suka zaga gidaje. Mahaifiyar Tanko ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Wata safiya baffan Tanko ya zo da dattawa biyu, suka zauna a zauren mahaifina, ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, a duba mana." Ranar aka fara kirana malam. Na san takardar Dije tana cikin waɗanda gara ta ci. Na shiga ɗaki, na tsaya a bayan ƙofa gwargwadon lokacin da mutum zai karanta shafi biyu, wani sanyi ya sauko mini, wata murya tana raɗa mini in ce na duba. Kunya ta rinjayi tsoron Allah. Na ce a raina gidaje nawa ne a garin nan, da wuya a ce gidansu Tanko ne. Na fito na ce, "Na duba. Ba ta sha a gidansu ba." Suka sa mini albarka.

Wata bakwai da ɗaurin auren, wata tsohuwa da ta daɗe a wurin ɗanta a Kurmi ta dawo gida. Tana zagayen gaisuwa ta shiga gidansu Tanko, ta tarar da Dije tana shara, ta tambayi ko 'yar wace ce. Da aka gaya mata sai ta saki sandarta ta ɗora hannu a ka. "Inna lillahi! Ai wannan gidan yayanta ne. A gabana uwar Tanko ta shayar da ita tare da ƙaninsa, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba." Aka nemo wata tsohuwar da ke nan garin duk tsawon lokacin, ita ma ta rantse haka aka yi. Liman ya ce, "Iya, me ya hana ki magana tun farko?" Ta ce, "An ce takarda ta ce babu. Ni wace ce da zan ƙaryata takarda?"

Aka raba auren. Abin da na fi tunawa a ranar shi ne ƙarar kwanukan Dije suna karo da juna a cikin kwando a kan innar da ta rene ta, tun daga ƙofar gida har suka sha kwana, shi kuma Tanko yana zaune a kan kifaffen turmi kamar an dasa shi. Mutane suka ce ai Gwaggo ta tsufa, ta tsallake yarinyar wajen faɗa. Tanko ya ce, da kunnena na ji, "Tsohuwar nan ta cuce ni, ban yafe mata ba." Ina tsaye a gefensa, ban wanke ta ba. Daga baya aka aurar da Dije can wajen Watari, ta hayayyafa, ta rasu shekarun baya. Tanko bai taɓa taka garin ba, ko gaisuwar mutuwarta bai iya zuwa ba. Shi ma ya yi aure ya tara iyali. Muna gaisawa, muna sahu ɗaya a masallaci, amma tun daga ranar ban ƙara sakin jiki na ci tuwo a kwano ɗaya da shi ba.

Yanzu garin ya zama wani gari. Gidajen bulo suna ta taho mana daga wajen Ungogo suna cin gonaki ɗaya bayan ɗaya, ƙarar adaidaita ta maye gurbin kukan jaki, injin niƙa ya kashe lugude. Ɗorawar da ake jere jarirai a inuwarta an sare ta an yi shagon caji a wurin. Sai mutum ya zaci zancen nono ya wuce, tunda ga madarar gwangwani. Bai wuce ba. Har gobe mace takan ji kukan ɗan maƙwabciyarta a gidan biki ko a layin asibiti, tausayi ya kama ta ta ba shi. Bambancin kawai shi ne babu tsohuwar da ke zaune a inuwa tana kallo. Mai tsoron Allah a cikinsu ita ke turo mijinta ya gaya mini, in latsa a waya. Takardun da na kwafe kuwa, daminar da rufin ɗakina ya yi yoyo ruwa ya bi ta kansu, tawadarmu ko don wankewa aka yi ta. Ke nan na da da na yanzu duk suna cikin wannan 'yar aba mai tabo a fuska, babu su a ko'ina kuma.

Kwanan baya wasu dattawa biyu suka zo a duba musu. Na ciro wayar, na nemo gidan yarinyar, sai na ga tabon ya rufe rabin layin. Ina kici-kicin matsar da shi sai wayar ta ɗauke gaba ɗaya. Na kunna, ta sake mutuwa. Suna zaune suna kallona. Wallahi sanyin da na ji a bayan ƙofar nan ina saurayi, shi ne ya sauko mini tun daga ƙeya har tafin ƙafa, kuma na ji muryar nan dai ta raɗa mini cewa in ce na duba, wa zai sani. Na yi a'uziyya a fili har suka firgita. Na ce su yi haƙuri su jira. Aka kai ta caji, aka dawo da ita, na tura layin sama da tabon na karanta musu abin da ke ciki. Suka tafi lafiya. Ni kuwa na kasa tashi daga buzun sai da aka kira azahar.

'Yata Hajara, wadda ke aikin jinya a Minjibir, da ta ji labari ba ta yi shawara da ni ba, ta zo ranar hutunta da sabuwar waya a kwali, faffaɗa kamar allon yara.

"Baba, wannan ba latsawa ake yi ba. Ka ga jan ɗigon nan? Ka taɓa shi ka yi magana, ita za ta riƙe muryarka."

"In ta faɗa rijiya fa?"

"Sai ta faɗa. Kafin nan na tura abin da ka faɗa cikin tawa da ta Liman. Ba za su faɗa rijiya rana ɗaya ba."

"Wannan da kike rainawa ta kusa shekara ashirin ba ta ci amanata ba."

"Ai ba cin amana ta yi ba, Baba, tsufa ta yi. Ka bar ta ta huta tun tana iya magana."

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Ina tsoron in zauna da tsohuwar ta mutu da abin a cikinta, ina kuma tsoron in taɓa shi ya zube a hanya. Na hau mota na je birni wurin wani mai gyaran waya, ko zai kwashe rubutun ya juye a sabuwar. Ya jujjuya ta yana murmushi. "Baba, wannan ai ta girmi shagona. Rubutun ba a kan layi yake ba, a cikin cikinta yake. In na buɗe ta, ko ya fito ko ya tafi gaba ɗaya. Ni dai ba zan rantse maka ba." Ban san lokacin da na fizge ta daga hannunsa ba.

Hanya ɗaya ta rage, in bi sunayen ɗaya bayan ɗaya in karanta da bakina sabuwar ta ɗauka. Hajara ta ce, "To amma Baba, ka samu wani dattijo ya zauna kusa da kai. Binta nawa ce a garin nan, Audu nawa? A samu wanda ya san gidajen da, yana ji yana cewa na shaida. Wa ya rage a sa'o'inka?" Ta ɗan yi tunani, ta ba kanta amsa. "Ai ga Baba Tanko."

Kwana tara sabuwar wayar tana cikin kwalinta. Na san ba zan iya zama kusa da Tanko ina karanta masa nonon gari duka yana cewa na shaida ba, alhali ni na san abin da na sani. Na ce ko in haƙura da sauyin, in lallaɓa tsohuwar har inda Allah Ya kai mu. Amma kullum da safe tabon ya ci wani baƙi. Na tuna ni ma yanar ido ta fara rufe mini na hagu, kuma ban san wanda zai riga wani ɗaukewa ba tsakanina da wayar. In na mutu a haka, zan tarar da Gwaggo a can da laifina a kanta. Na yi istihara, na wayi gari na sa wayoyin biyu a aljihu.

Na same shi da hantsi a ƙofar gidansa, yana tufkar igiyar rama, ya maƙale bakinta a babban yatsan ƙafa.

"A'a, Malam na waya! Yau kuma wa za a haramta wa wa?"

Na zauna a ƙasa, ban hau tabarmar ba. Ya dube ni, ya daina dariya.

"Lafiya?"

"Tanko, ranar da baffanka ya zo a kan maganar Dije, ban duba ba."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

"Babu abin dubawa. Gwaggo ta ce in sa takardun a tukunya, na ƙi, gara ta cinye ta Dije tun kafin ku zo. Na shiga ɗaki na tsaya, na fito na yi muku ƙarya."

Wata akuya ta zo tana jan bakin ramar, bai kore ta ba.

"Gwaggo ta faɗa maka ita?"

"Ban riƙe abin da ke takardar ba. Amma Gwaggo ba ta taɓa tsallake maraya ba. Da su take farawa."

"Shekara nawa ke nan," ya ce a hankali, "duk sallar da na yi, in na zo yi wa mamatan gari addu'a sai in tsallake matar da ta yanke mini cibiya. Kai kuwa kana kusa da ni a sahu."

"Ina kusa da kai."

Ya kwance igiyar daga ƙafarsa, ya miƙe da ƙyar, ya shige gida. Na zauna. Na ce shi ke nan, abin da na shuka ne. Inuwar katanga ta janye ta bar ni a rana, ban matsa ba. Can sai ga shi ya fito, fuskarsa a jiƙe da ruwa, ya koma mazauninsa.

"Wata bakwai ɗin nan," ya ce, ba ni yake kallo ba, "na roƙi Allah gafararsu har na gaji da ƙirga. Amma ban taɓa iya cewa na ƙi su ba. Shi ya hana ni zuwa Watari. Da wane ido zan dube ta in ce ƙanwata?" Ya share gemunsa. "Yau bayan la'asar za ka tashi a masallaci ka faɗi abin da ka faɗa mini, kowa ya ji, a sauke wa tsohuwar nan kayan da ba nata ba."

"Zan tashi."

"Me ke cikin aljihunka yake ta leƙowa?"

Na ciro su duka biyun, na gaya masa abin da Hajara ta ce, na ce ban ga fuskar da zan roƙe shi ba. Ya karɓi sabuwar ya jujjuya, ya miƙo mini.

"Hau tabarma. Kunna ta."

Na taɓa jan ɗigon, na ɗaga tsohuwar kusa da idona ina neman sunan farko. Ya sa hannu ya danne ta.

"Ba daga nan za ka fara ba. Fara da wadda babu a ciki."

Na yi bismilla. Na ce Dije marainiya, wadda uwarta ta rasu tana da kwana tara, ta sha nonon mahaifiyar Tanko tare da ƙaninsa, ba sau ɗaya ba. Tanko ya sunkuyo har gemunsa ya kusa taɓa gilashin, ya ɗaga murya kamar mai magana da kurma.

"Na shaida. Ƙanwata ce. Allah Ya ji ƙanta, Ya ji ƙan Gwaggo."

Ya ɗago, ya janye hannunsa daga kan tsohuwar wayar.

"Na yafe maka. Karanta na gaba, kafin wannan gyatumar taka ta sake suma."